Yaudarar Kai da Takardar Gwajin Jini

Kalmar nan "yaudarar kai" tana cikin kalmomin da ake yawan faɗa ba tare da an tsaya an dube su ba. Akan ji ta cikin wa'azi ranar Lahadi, akan ji ta a taron zumuntar mata, akan kuma ji ta a bakin dattawa da ke zaune ƙofar gida da yamma a Ɗan Iya da sauran unguwannin Bauchi, sa'ad da hira ta gangaro kan wani wanda ba ya wurin. Sai a girgiza kai a ce, "Wane dai yaudarar kansa yake yi." Waɗansu sukan ce "ruɗin kai", ma'anar kuwa kusan ɗaya ce. Abin lura shi ne, kusan kullum a kan wani ake faɗinta. Mutum yakan ce yana jin yunwa, yakan ce yana fushi, idan an matsa masa ma yakan yarda cewa ya yi ƙarya. Amma da wuya a sami wanda zai ce "ina yaudarar kaina" alhali yana tsakiyar yi. Ranar da bakinsa ya iya faɗin haka, abin ya riga ya fara warwarewa. Hausawa sun daɗe da ganin wannan hali, shi ya sa suka ce gwano ba ya jin warin jikinsa.

Idan aka kwance kalmar, sai a tarar da ƙulli a cikinta. Yaudara aikin mutum biyu ce, mai yi da wanda ake yi wa. Mai awon da ya bubbuga gindin mudunsa har ya shige ciki ya san mudun ba ya cika. Matar da ta sayi masara a hannunsa ba ta sani ba. Da ta sani, da cinikin bai yiwu ba. To, sa'ad da aka liƙa "kai" a bayan "yaudara", an mai da mai awo da mai saye mutum ɗaya ke nan. Ta yaya mutum zai ɓoye mabuɗi a ƙarƙashin tabarma, sa'an nan ya shiga nemansa da gaske? Idan ya san gaskiya, ba a yaudare shi ba. Idan kuwa bai sani ba, wane ne ya yi yaudarar? Wannan tambaya ta sha wahalar da masu zurfin tunani, har waɗansunsu suka ce kalmar salon magana ce kawai.

Amma abin yana nan, kowane fasto da ya daɗe yana sasanta ma'aurata shaida ne. Cikin waɗanda suka bayyana yadda yake aiki akwai wani malamin ikkilisiyar Ingila, Joseph Butler, wanda daga baya ya zama bishop. A cikin wa'azozi goma sha biyar da ya wallafa a Landan a 1726, ɗaya sukutum a kan wannan batu yake. Ya kawo misalin mai almubazzaranci wanda zuciyarsa take raya masa cewa dukiyarsa ta kusa ƙarewa, domin haka sai ya ƙi duba lissafinsa. Idan aka tambaye shi yawan bashin da ke kansa ya ce bai sani ba, bai yi ƙarya ba. Sai dai ya san shafin da ba ya so ya buɗe, kullum kuwa hannunsa yana tsallake shafin nan daidai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai yaudarar kansa shi ne wanda ya janye gadonsa daga wurin yoyon, ya daina ɗaga ido sama, sa'an nan ya riƙa ce wa baƙi rufin lafiya lau yake, har shi ma ya soma gaskatawa.

An ga wannan hali a fili a ƙasar nan a 2016. Tsarin MMM ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata guda. Wanda ya ƙirƙiro shi, Sergei Mavrodi, mutumin Rasha ne; tsarinsa na farko mai wannan suna ya rushe a can a 1994, kotu kuma ta same shi da laifin zamba a 2007. Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi. Lissafin ma ba mai wuya ba ne: naira 100,000 da ke haihuwar kashi 30 kowane wata za ta haura naira miliyan 2 kafin shekara ta zagayo, babu kuwa gona ko shago da ke haihuwa haka. Duk da haka ma'aikata da malaman makaranta da ɗalibai suka zuba, waɗansu da kuɗin haya, waɗansu da kuɗin makarantar yara. A ranar 13 ga Disamba 2016 aka dakatar da biyan kowa. Hukumar inshorar ajiyar banki ta ce daga baya kimanin mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A watan Afrilu 2025 wani tsari mai suna CBEX ya sake tafiya da kuɗin jama'a ta hanya mai kama da wannan.

Bayan rushewar, kowa ya ce an yaudare shi. Akwai waɗanda hakan gaskiya ne a kansu, kamar tsohuwar da ɗanta ya karɓi kuɗin adashinta ya ce zai juya mata. Amma da yawa sun san cewa kuɗin sabon shiga ake ba tsohon shiga. Abin da suka faɗa wa zuciyarsu shi ne su dai za su fita kafin ginin ya faɗi, ba su kuma bari zuciyar ta tambaya a kan wa zai faɗi ba.

Kuɗi dai idan sun tafi ana iya sake nema. Akwai inda yaudarar kai take cin abin da ba ya dawowa, wanda kuma ya biya bashin ba ya cikin waɗanda suka ci shi. Wannan wuri shi ne shirin aure, da maganar cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini.

Cutar gadonta ake yi. Kowane mutum yana karɓar rabi ɗaya na nau'in jininsa daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya gaji A daga kowane ɓangare shi ne AA. Wanda ya gaji A da S shi ne AS, yawanci lafiyarsa ƙalau, har ma jikinsa ya fi jure wa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da likita Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954, shi ne kuma dalilin da ya sa S ya yawaita a ƙasashen sauro. Wanda ya gaji S daga uwa da uba duka shi ne SS, mai cutar. Jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ƙashi da ƙirji mai tsanani yake tasowa. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, tasa kuwa kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jininsa yake yawan ƙarewa. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da S, ana kuma ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara a ƙasar, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya.

A nan ne ya kamata a raba yaudarar kai da rashin sani, gama ana yawan haɗa su. A shekarun 1970, lokacin babban binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a ƙauyukan Garki, wadda take Jihar Jigawa a yau, an gwada jinin dubban mutane. Aka tarar kimanin jarirai biyu cikin ɗari ana haifarsu da SS, amma cikin waɗanda suka wuce ƙuruciya da ƙyar ake samun mai ita. Yaran suna mutuwa tun suna ƙanana, iyayensu ba su san sunan abin da ya kashe su ba. Matar da ta binne 'ya'ya uku a jere akan ce tana wabi, masu bincike kuwa suna ganin wani sashe na abin da aka kira wabi wannan cuta ce. Waɗannan iyaye ba su yaudari kansu ba. Ba su da shafin da za su tsallake, domin ba a rubuta shi ba tukuna. Rashin sani ya fi dare duhu, amma mai tafiya cikin dare dabam yake da wanda ya rufe idonsa da rana tsaka.

Yau shafin yana nan a rubuce. A ce saurayi da budurwa ne a Ɗan Iya, sun haɗu a ƙungiyar mawaƙa, sun yi shekara uku suna neman juna. Iyaye sun san juna, an kai gaisuwa, an sa rana. Kwamitin aure ya tura su gwaji, sakamako ya fito dukansu AS. Daga wannan rana sai a ga yadda zuciya take aikinta. Da fari sukan ce na'urar ta yi kuskure, su tafi wani ɗakin gwaji. Wannan ba laifi ba ne, gama kuskure yana faruwa ƙwarai, likitoci ma sukan ba da shawarar a maimaita gwajin a wurin da aka amince da shi. Amma idan wuri na biyu da na uku suka ce AS, na huɗu ya ce AA, takardar ta huɗu ce take isa gaban kwamiti, sauran ukun kuwa su kwana a ƙasan akwati. Ba a cika jin wanda aka ba AA ya ce bai yarda ba, a sake gwada shi. Labarin da ake so yakan shiga gida ba sallama. Wanda ba a so sai ya kawo shaidu uku, a kuma ce ya dawo gobe. Wannan bambancin awo shi ne ainihin yaudarar kai, kuma kowane mataki nasa, idan aka dube shi shi kaɗai, yana kama da hankali.

Waɗansu ba sa kai wa ga canja takarda. Lissafin suke lanƙwasawa. An faɗa musu cewa idan AS ya auri AS, ɗaya cikin huɗu ne zai zo da cutar. Sai su ce to za su haifi uku su tsaya. Ko kuwa ɗan fari ya zo da ita, su ce an biya, ukun da ke tafe sun tsira. Ba haka abin yake ba. Kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da na gabansa ya kawo ba. Ma'auratan da dukansu AS ne, idan suka haifi 'ya'ya huɗu, damar a ce ba ko ɗaya mai cutar kimanin kashi 32 ce cikin ɗari. Idan shida ne, ta sauko zuwa kashi 18. Akwai kuma masu kawo katin rukunin jini, na O ko A ko B, su ce ai sun yi gwaji, alhali wannan wani awo ne dabam, na ƙarin jini. Malamin lissafi da ke koya wa ɗalibai irin wannan awo da safe yana iya kasa yinsa da yamma a kan aurensa, ba domin ya manta ba.

Labarin da Butler ya ɗora wa'azinsa a kai shi ne na sarki Dauda da annabi Natan, a littafin Sama'ila na biyu, sura 12. Dauda ya ɗauki matar Uriya, ya sa an kashe mijin a bakin daga, ya ci gaba da zama a kan gadon sarauta yana yanke wa jama'a shari'a har aka haifi yaron. Watanni ke nan. Natan bai tunkare shi da laifinsa kai tsaye ba. Ya kawo masa ƙarar wani attajiri mai garke, wanda ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta maƙwabcinsa matalauci ya yanka wa baƙo. Nan take Dauda ya husata, ya yanke hukunci mai tsanani, har da biyan ninki huɗu. Sai annabin ya nuna masa cewa a kan kansa ya yanke. Lamirin Dauda bai mutu ba cikin watannin nan. Yana aiki sarai a kan kowa, ban da mutum ɗaya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Dattijon da yake cewa a bar maganar jini domin 'yarsa ce za a aurar, da 'yar maƙwabcinsa ce aka zo neman shawararsa a kanta, da wace amsa zai bayar? Yawanci ya san amsar, kuma ita ce gaskiyar da yake gani sa'ad da ba shi da riba a ciki.

Wurin da maganar ta fi wuya ga masu bi shi ne inda yaudarar kai take aron rigar bangaskiya. "Ba rabonmu ba ne." "Mun yi addu'a, jininmu ya canja." Wa zai so a ce shi ne ya raunana bangaskiyar yara? Sai kowa ya yi shiru. Amma akwai alamar da take raba su. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa zuwa ga Romawa sura 4, ya nuna cewa Ibrahim ya dubi tsufansa da rashin haihuwar Saratu sosai, bai rage shekarunsa ba, sa'an nan ya dogara ga alkawarin da Allah ya yi masa da sunansa. Bangaskiya tana iya faɗin adadin da babbar murya ta tsaya a kansa. Yaudarar kai ba ta so a ambaci adadin ko kaɗan, takan kuma yi fushi da wanda ya ambata. Wanda ya gaskata da gaske cewa jininsa ya canja ba zai ji tsoron komawa asibitin koyarwa a sake ɗiba a gaban shaidu ba. Tsoron nan shi ne yake tona abin da zuciya ta sani. Ya kamata kuma a tuna cewa sa'ad da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga ƙololuwar haikali, da nassi ya kafa hujja, Ubangiji kuwa ya kira abin gwada Allah.

Duk da haka kalmar tana da kaifi, ana kuma yawan yanka da ita inda bai kamata ba. Akwai saurayi da budurwa da suka san su AS ne, suka zauna da likita, suka ji lissafin duka, suka ziyarci gidan da ake jinyar yaro mai cutar, suka san kuɗin magani da daren da ake kwana a asibiti, sa'an nan suka ce za su yi aure, ko su ɗauki riƙon yara, ko su karɓi abin da ya zo da shiri. Ana iya yi musu gardama, akwai ma dalili mai ƙarfi na yin ta, tun da yaron da zai sha ciwon ba a nemi shawararsa ba. Ikkilisiyoyi sun sha bamban a kan ko za su ɗaura irin wannan aure. Amma ba daidai ba ne a ce sun yaudari kansu, gama sun buɗe shafin sun karanta har ƙasa. Wanda ya kira su da wannan suna ya rage wa kalmar ma'ana, ya mai da ita zagin duk wanda bai bi shawararsa ba.

Haka kuma ba a kyauta wa masu cutar idan ana magana kamar su kuskure ne da aka kasa hanawa. Hoton Garki na shekarun 1970 ba shi ne na yau ba. Da rigakafi, da kariya daga sauro, da shan ruwa isasshe, da magunguna irin su hydroxyurea, masu SS da yawa suna girma, suna karatu, suna aiki, suna aure. An yi dashen ɓargo na farko domin wannan cuta a Nijeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ko da yake kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Uwar da take sa zuciya cewa ɗanta zai gama jami'a, tana kuma kai shi asibiti a kan lokaci, bege take yi, ba ruɗin kai ba.

Saura ɓangare ɗaya da ba a cika taɓawa ba. Ba mutum ɗaya kaɗai yake yaudarar kansa ba. Jama'a ma sukan yi, tasu ma ta fi ƙarfi, domin kowa yana jingina da shirun ɗan'uwansa. Ikkilisiyoyi da yawa sun daɗe suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, a watan Mayu 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da na nau'in jini. Abu ne mai kyau. Amma a dubi lokacin da ake neman takardar. Sau da yawa makonni kaɗan ne kafin biki, bayan an biya sadaki, an buga kati, an ɗinka anko, an kama ɗakin taro, dangi na Jos da Gombe da Tafawa Ɓalewa sun riga sun shirya tafiya. A wannan lokaci babu mai neman gaskiya a cikin takardar. Izini kowa yake nema. Sakataren kwamiti yakan karɓa, ya ga sunan ɗakin gwajin da bai taɓa ji ba, zuciyarsa ta ɗan tsaya, sa'an nan ya ce shi ba likita ba ne, ya sa ta cikin fayil. Kwamitin yakan rubuta cewa an cika ƙa'ida. Bayan shekara biyu, sa'ad da hannuwan jaririn da ƙafafunsa suka soma kumbura, su ne za su fara zuwa dubiya.

Gwajin kansa jini kaɗan yake bukata. Sakamakonsa kuma ba ya canjawa da shekaru, sai dai ƙarin jini na kwanan nan yana iya rikita shi na ɗan lokaci. Yarinyar da aka gwada tana aji ɗaya na sakandare, a asibitin da aka amince da shi, amsar da aka ba ta ita ce za ta kasance ranar aurenta, za ta kuma iya tambayar saurayi nasa tun a makon farko, kafin a kai goro gidan kowa.